Ban Da Kai, Mai Kushin

Mai Kushin bai taɓa jin haushi don an ce masa gurgu ba. Ai gurgun ne. Shan inna ta kama shi tun bai iya faɗin sunansa daidai ba, ta shanye ƙafafun biyu ta bar su sirara, sai jikin ya tattara ƙarfinsa kakaf ya mayar kafaɗa da damatsa. In baƙo ya shigo layinsu yana tambayar wani bawan Allah mai ɗan lalura da ke ɗinki, yana ta kewaye-kewaye kamar mai tsoron taka ƙaya, shi da kansa yake ɗago kai ya ce in gurgun nan mai kushin ake nema to an iso, a shigo daga rana.

Mahaifiyarsa ce ta gina shi haka. Mace ce da ba ta san lallashi ba, kuma ba ta yarda kowa ya yi wa ɗanta kallon tausayi. Da ya isa koyon sana'a ta goya shi, ƙato da shi, har shagon wani tsoho mai gyaran kujerun mota, ta sauke shi a bakin ƙofa ta ce ga hannu biyu ta kawo, a sa su aiki. Tsohon ya ce keken ɗinkinsa na ƙafa ne. Ta ce to ya nemo na hannu. Ta zauna a wurin ta ƙi motsawa, har tsohon ya gaji da ganinta ya shiga ciki ya lalubo wani keke da ya sha jiki, irin wanda ake murzawa da hannu. Da wannan keken Mai Kushin ya koyi aiki, da shi ya yi aure, da shi ya ciyar da 'ya'ya huɗu.

Haɗuwarsu da Mai Walda kuwa karyewar abin hawa ce ta jawo ta. Keken guragun da yake yawo da shi, mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, ya tsage a ƙarƙashin kujera, ya ja shi da ƙyar zuwa rumfar walda mafi kusa. Mai Walda ya liƙe tsagar, ya hau don ya gwada, ya zagaya fili ya dawo bai sauka ba. Ya tambayi wanda ya ɗinka kujerar. Da ya ji mai ita ne, sai ya ce shi yana iya lanƙwasa ƙarfe yadda ya ga dama, amma duk keken da ya ƙera, masu shi sai sun dawo suna kukan ciwon mazauni. In zai yarda su haɗa kai, ga kusurwa can babu kowa. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan Mai Kushin yana zaune a wannan kusurwar.

Rumfar doguwa ce, rufin kwano, buɗe ta gaba. Ɓangaren Mai Walda baƙi ne ƙirin: bututun ƙarfe a jingine, guntayen sarƙa, tayoyi a rataye jikin ƙusa, janareta yana tari a gefe, tartsatsi yana tashi. Ɓangaren Mai Kushin kuwa a share yake. An daɓe masa wani faffaɗan katako daidai tsayin da zai iya hawa da kansa, keken ɗinki a gabansa, soso a jere a bayansa, ledar rufi baƙa da ja a naɗe, almakashi da gam inda hannu zai kai. Takalman roba biyu da yake sa wa a tafin hannu in zai ja jiki suna nan kullum a bakin katakon, a jere, kamar na mai shiga ɗaki.

Aikinsa ba ɗinki kawai ba ne. Wanda zai wuni a zaune, kujera ce ƙasarsa da samansa, in ta matsa masa wuri ɗaya sai fata ta mutu ta zama gyambon da ba ya jin magani. Mai Kushin ya san wannan a jikinsa. Saboda haka ba ya yanka soso sai ya zauna da mai keken sun yi hira: wane ɓari yake jingina, ina ƙashi ya fi tsini, ina ne ba ya ji ko an tsikare shi. Sannan ya ɗauki wuƙa ya rarake nan, ya ƙara kauri can. Mutane da yawa sun fara gaya masa abin da ko matansu ba su gaya wa ba, don shi ba ya kawar da ido kuma ba ya cewa sannu fiye da sau ɗaya.

A faɗi gaskiya ko ba daɗi, Mai Walda ba mugu ba ne. Hannunsa yana da kyau, kuma a buɗe yake. Kekensa ba ya karkata, birkinsa ba ya yaudara. Ranar da matar Mai Kushin ta sha wahalar haihuwar fari, shi ya rufe rumfa ya wuni tsaye a ƙofar asibiti. Shekarar da ruwa ya rushe musu katanga, shi ya kawo ƙarfe ya kafa musu ƙofa mai faɗin da keke zai shiga. Ba wanda zai ce bai ga wannan ba.

Amma bakinsa kwata ce. Ba ashar yake yi ba, da ashar ce ma da sauƙi, don ita kowa ya san ƙazanta ce. Shi nakasar mutane ce kayan zaginsa. Taya ta ɗan karkace, gurguwa ce. Janareta ya ƙi tashi, kurman banza ne. Ƙanensa Mai Fenti, mutum da furfura a gemu, in ya tsallake wuri bai shafa ba, makaho ne. Wanda ya ɓata awo taɓaɓɓe, wanda ya yi jinkirin amsa bebe. Gurgu kuwa shi ne babban kwandon da yake zuba duk abin da ba shi da amfani: gurgun aiki, gurgun ƙarfe, gurguwar shawara. Mutumin da guragu ne suka rufa masa asiri, su ne cinsa su ne shansa, bai sami abin auna lalacewa ba sai su. Kuma duk sa'ad da kalmar ta fita, sai ya ɗan karkata kai wajen kusurwa, ko tabaran walda bai ɗaga ba, ya ce, "Ban da kai, Mai Kushin," ya ci gaba da abin da yake yi.

Shi a ganinsa ladabi ke nan. Har yakan yi alfahari a gaban mutane cewa bai taɓa mantawa ba ko sau ɗaya.

Da farko Mai Kushin dariya yake yi, don sabon zuwa ba ya gyara wa mai wuri baki. Daga baya dariyar ta koma murmushi, murmushin ya koma sunkuyar da kai da ƙara murza keke don ƙararsa ta rufe sauran. Yakan gaya wa kansa cewa ai kowa haka yake magana. Kwandastan mota yana faɗa, uwa tana faɗa wa ɗanta in ya zubar da ruwa, malami yana faɗa a aji. Su kansu masu zuwa karɓar keke, in biyu suka yi karo a bakin rumfa, sai ka ji ɗaya yana tambayar ɗaya ko makaho ne. In ka ce za ka bi kowane baki da tsintsiya, yaushe za ka yi ɗinki? Haka ya riƙa haɗiye abin kullum kamar maganin ɗaci, har ya daina sanin yana haɗiyewa.

Matarsa ce ba ta iya ba. Sau ɗaya ta shiga rumfar, ta kawo masa abinci da rana, ta ji da kunnenta, ta ji kuma ban da kai ɗin da ya biyo baya. Ta ajiye kwano ta fita ba sallama. Da ya dawo gida ta ce masa abin ya yi mata kama da mutum ya tofar da majina a gefen kwanon da kake ci, sannan ya ce ka ci gaba ai ba a ciki ta faɗa ba. Ya ce ta cika zafi, mutumin nan ɗan'uwa ne, baki ne kawai. Ta ce to Allah ya ba shi haƙuri, amma ita ƙafarta ta gama taka wurin. Tun daga ranar yara ke kai abinci.

Ƙanen matar, wanda duk dangi ke kira Auta, kafinta ne mai rufin kwano. Dogo ne, mai yawan dariya, ba ya iya zama wuri ɗaya. Tsakaninsa da mijin yayarsa wasa ne tun ranar farko. Yakan kira shi Yaya Mai Mota, ya ɗane bayan keken ya ce a kai shi tasha, ba zai biya ba tunda motar gida ce. In an je gidan da ke da matakala, shi yake durƙusawa ya goya Mai Kushin, yana hawa yana mita cewa Yaya ta cika ba mijinta abinci. Mai Kushin kuma ya ja masa kunne ya ce jakin dangi ba ya magana.

Wata rana katako ya goce da Auta daga saman bene. Ya faɗo ta baya. Aka yi watanni ana asibiti, daga ƙarshe likita ya ce laka ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa sai haƙuri. Aka dawo da shi ɗakinsa a gidan mahaifinsu, ya kwanta ya juya wa duniya baya. Ba ya karɓar baƙi. Abokan aikinsa suka zo suka gaji suka daina. Ya sa aka rufe taga da tsumma. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba ya iya riƙe bayan gida, sai yayarsa ko wani ƙanen babansu ya zo ya gyara shi, shi kuwa ya rufe fuska da hannu har a gama. Mutumin da ke tafiya a kan rufi kamar kyanwa ya koma ba ya son ko madubi. Yayarsa takan dawo gida ta zauna a bakin gado ta yi kuka mara sauti, ta ce ba faɗuwar ce za ta kashe shi ba, ɗakin ne.

Mai Kushin kaɗai Auta bai iya kora ba. Yakan ajiye keke a tsakar gida, ya sa takalman hannu ya ja jiki ya shiga, ya jingina da bango ya yi ta surutunsa ko an amsa ko ba a amsa ba. Bai taɓa ce masa ya yi haƙuri ba, don ya san masu cewa haka sun yi yawa. Abin da yake gaya masa shi ne yadda ake hawa keke ba tare da an ɗaga mutum ba, yadda ake sauka kwalbati, wane gefen titi ya fi sauƙi. Ya ce masa kafinta da hannu yake aiki ba da ƙafa ba, ƙofa da taga da kujera duk a ƙasa ake yin su. Ya ce masa mutane za su kalle shi kwana biyu, su gaji, su koma kallon wani. Waje ba komai, haka yake maimaita masa, waje ba komai, tsoron ne kawai.

A hankali Auta ya fara amsawa. Wata rana har ya tambaya ko sarƙar keken tana cin hannu. Mai Kushin bai nuna murna ba, sai ya ciro tef daga aljihu ya ce a juya masa shi ya auna. Ya auna faɗin ƙugu, ya laluba inda ƙashi ya fara fitowa saboda rama, ya ga inda fata ta fara ja. Bai taɓa ɓata lokaci a kan kushin ba kamar wannan. Ya rarake, ya gwada da nasa jikin, ya warware, ya sake. Mai Walda ma, don a ba shi haƙƙinsa, ya zaɓi bututu mafi kyau, ya ƙara wa keken majingina mai tsawo da akwati a baya na zuba kayan kafinta, ya ce wannan na gida ne, kada wanda ya yi masa zancen komai.

Abin da ya rage shi ne Auta ya zo da kansa a daidaita masa tsayin abin tuƙi. Mai Kushin ya so a kai keken gida, amma ya san in aka kai, a tsakar gida zai tsaya. Fitowar ce maganin. Ya yi ta lallashi har Auta ya ce to.

Ranar da safe yayarsa ta yi masa aski, ta sa masa riga mai guga. Aka ɗauko mota, ita da ƙanen baban nasu suka kawo shi. Matar Mai Kushin ta karya rantsuwarta ta shigo rumfar saboda ƙanenta. Aka ɗaga Auta aka ɗora shi a kan kujera. Ya rufe ido yana jiran ciwo, ciwon bai zo ba. Ya buɗe ido ya dubi mijin yayarsa. Ya ɗora hannu a kan abin tuƙi ya murza kaɗan, keken ya gusa. Ya sake murzawa, ya fita daga inuwar rumfa ya shiga rana, ya karya kwana da ƙyar ya dawo. Gefen bakinsa ya motsa. Ya ce ashe motar Yaya ba ta da wuyar tuƙi, shi ya sa aka ba shi lasisi. Yayarsa ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi, Mai Kushin kuwa ya ji kamar an sauke masa buhu daga ƙirji.

A daidai nan idon Mai Walda ya sauka a kan birki. Mai Fenti ya shafa fenti har kan wayar birkin, ta bushe ta ɗan riƙe. Abin da ɗigon mai zai gyara. Amma Mai Walda yana son a ga keken nan ba aibi, ga baƙi kuma, sai ya juya kan ƙanensa da muryar nan tasa da ke fin janareta.

"Dubi gurgun aikin da ka yi mini. Mutum da ƙafarsa biyu amma ba shi da maraba da gurgu, ba abin da ya iya sai ci sai kwanciya sai a zo a kwashe masa kashi."

Sannan ya waiwayo, da fara'arsa, ya ɗaga hannu ya haɗa kusurwa da sabon keken a nuni ɗaya.

"Ban da ku."

Ya durƙusa ya kama wayar birkin yana kankarewa da farce, hankalinsa kwance.

Mai Kushin yana kallon hannun Auta. Ya ga yatsun sun saki abin tuƙi ɗaya bayan ɗaya, sun koma kan cinya. Fuskar da ta fara buɗewa ta rufe. Auta bai dubi kowa ba, ya ce wa yayarsa a hankali yana so a mayar da shi gida. Ta ce ai ba a gama daidaitawa ba. Ya ce a mayar da shi. Suka ɗaga shi, ya bar jikinsa ya yi nauyi kamar kayan wanki, aka sa shi a mota. Matar Mai Kushin kafin ta shiga ta tsaya ta dubi mijinta. 

Mai Walda ya miƙe yana goge hannu, ya bi motar da kallo cikin mamaki na gaskiya. Ya tambaya ko kushin ɗin ne bai yi masa daidai ba.

Nan Mai Kushin ya gane abin da ya daɗe yana ci ruɓaɓɓe ne. Ya ce wa Mai Fenti ya kashe janareta. A shirun da ya biyo baya ya gaya wa Mai Walda abin da ya yi, dalla-dalla, ba tare da ɗaga murya ba: wane ne aka ɗora a kan keken nan, wata nawa aka yi ana roƙonsa ya fito, da kuma abin da ake yi masa kullum safe da yamma yana rufe fuska.

Mai Walda ya ji ba daɗi, amma ba irin rashin daɗin da ake nema ba. Haushi ya ji. Ya ce shi da ƙanensa yake, me ya kawo yaron ciki? Kuma ai ya ce ban da su, kowa ya ji. Ya ce in magana irin wannan ta zama laifi to a rufe bakin duk garin. Ya lissafo keken da ya ƙera, ya lissafo asibiti, ya lissafo ƙofa. Ya ce shekara ashirin yana faɗa Mai Kushin yana dariya, yau kuma don surukinsa ya zo sai a mayar da shi mugu? Wannan ta ƙarshen ta shiga, don gaskiya ce. Da ya ga Mai Kushin ya yi shiru sai ya ɗauka ya ci nasara, ya sassauta murya, ya matso ya dafa katakon, ya fito da abin da yake ganin shi ne zuma.

"Haba ɗan'uwa. Ni wallahi ban taɓa ɗaukarka gurgu ba."

"To me ka ɗauke ni?"

"Kai ai mutum ne."

Ya faɗe ta da zuciya ɗaya, idonsa har da ƙyalli, yana jiran a gode masa. Mai Kushin ya dubi fuskar nan da ya sani fiye da ta 'yan'uwansa, ya ji ƙyamarta kamar yau ya fara ganinta. Ashe duk zaman nan ba a zauna da shi ba, an yafe masa ne. An cire shi daga cikin guragu an ajiye gefe kamar yadda ake tsince tsakuwa, don a ji daɗin zubar da sauran. Kuma shi ya miƙa wuya aka tsince shi, kullum, har yana murmushi.

 Ya kwance keken ɗinkin daga jikin katako. Mai Fenti, wanda ya sha zagin ya saba, ya zo ba a kira shi ba ya ɗaga keken ya ɗaure masa a bayan abin hawansa, ya ɗora soso da leda a sama. Mai Walda yana tsaye yana cewa zafin rai ne, gobe zai dawo, ina zai je.

Bai dawo ba. Ya kafa keken ɗinkinsa a ƙofar gida ƙarƙashin 'yar rumfa, masu kujerun mota da na ɗaki suka fara zuwa kaɗan-kaɗan. Bayan kwanaki Mai Fenti ya turo sabon keken har gidan su Auta, ya biyo ta wurin Mai Kushin da saƙo. Wai yayansa ya ce a gaya masa saboda darajarsa ya daina cewa gurgu kwata-kwata, ya dawo a ci gaba. Mai Kushin ya tambaye shi ko da gaske ya daina. Mai Fenti ya sosa gemu ya ce da gaske ne, yanzu komai makaho ne ko kurma, tunda su ba sa sayen keke. Mai Kushin ya tofar da yawu gefe ya ce a gaishe shi.

Da yamma ya tafi wurin Auta. Keken yana tsakar gida inda Mai Fenti ya bar shi, ja, yana sheƙi, an riga an shanya zanen gado a kan majinginar. Ya ajiye nasa kusa da shi, ya sa takalman hannu ya shiga. Ɗakin yana warin magani da rufi. Auta yana kwance, gashin da aka aske ya fara tsirowa.

Mai Kushin ya jingina da bango a wurinsa na kullum. Ya ce masa ya tashi daga rumfar, ba zai sake komawa ba. Ya ce mutumin nan ɗaya ne, ba shi ne duniya ba, kuma keken ba shi da laifi, ga shi can a waje birkinsa ya gyaru. Ya ce gobe da safe in rana ba ta yi zafi ba su fita tare, su biyu, ko zuwa bakin layi ne su dawo.

 Da Auta ya yi magana, ba da fushi ya yi ba, kuma bai ce Yaya Mai Mota ba.

"Yaya, ranar ce kawai ya faɗi haka?"

"A'a."

"Kullum?"

"Kullum."

"Kana zaune."

Mai Kushin ya dubi takalman da ke hannunsa.

"Kai ka ce mini waje ba komai," in ji Auta. "Na yarda ne don kai ka faɗa. Ashe ba wai ba komai ba ne, sabawa ka yi. To ni ba na so in saba."

Mai Kushin ya buɗe baki. Duk maganganun da ya yi shekaru yana gaya wa masu zuwa awo suna nan a kan harshensa, ya laluba ya rasa wadda ba ta ƙazantu ba. Ya zauna har hasken ƙofa ya fara ja. Can Auta ya jawo bargo zuwa kafaɗa, ya ce in zai fita ya ja masa ƙofar.

Ya ja jiki ya fita, ya miƙa hannu sama ya kama mariƙin, ya ja masa.